Ƙuri'ar Malam Chindo

Bilma, 2 ga Satumba 1965

Zuwa ga taubashina Ishaku, akawu a Illela,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Salamatu da yara. Ni nan lafiya lau, in ban da gishiri da ya shiga komai, har ruwan sha. Shekara biyu ke nan ina aikin jinya a likitar garin nan, ɗan asibitinmu, kuma tun da na zo ban ga gero a tsaye ba. Kai kuwa an ce tun da aka ba ka tebur a buro, ofishin gwamnati, tumbinka ke riga ka shiga ɗaki. Allah ya ƙara.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ƙanwata A'ishatu ta sa an rubuta mini daga Malbaza, inda mijinta yake lebura a ginin gidan siminti, cewa Baba ba ya jin daɗi. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi yana yi masa wuya. Ka san yadda mutanenmu suke rubuta wa na nesa. In sun ce mutum ba ya jin daɗi, yana iya zama mura ce, yana iya zama har an fara tara dangi. Ban san wanne ne ba, kuma rashin sanin ya hana ni sakat.

Mu biyu ne a likitar nan, ni da Mahaman, mutumin Madawa. An hana kowa konje, watau hutu, sai an gama zaɓen ƴan majalisa. Bayan zaɓe kamiyon soja, babbar motarsu ta kaya, zai tashi zuwa Agadas ran 16 ga Nuwamba, kuma ɗayanmu ne kawai zai hau, don ba a barin likita ba kowa. Wurin nawa ne, ni na riga shi nema. Amma matar Mahaman tana da tsohon ciki, ta yi ɓari sau biyu, kullum yana kallona kamar ni na riƙe masa hanya. In na ba shi wurina, ba ni da tafiya sai ya dawo, watau Fabrairu.

Saboda haka ka taimake ni. Zangon Maikano ba nisa gare ka. Ka bi motar kasuwar Badaguishiri, ka ƙarasa gida, ka ga Baba da idonka. Ka danna babban yatsanka a ƙwaurinsa da ƙarfi, ka ɗaga, ka duba ko ramin ya cike ko ya zauna. Ka tambayi Inna Uwani ko a kwance yake barci ko a jingine. Kada ka tambaye shi, shi zai ce maka lafiya lau ko da ana wanke shi. Abin da ka gani shi za ka rubuto mini, jirgin soja yana kawo wasiƙu duk mako biyu.

Ba sai na tuna maka ba, shekara huɗu ka yi a zauren Baba lokacin da muke lakwal, makarantar boko, kuma in korama ta kawo, shi yake ɗaukar mu ɗai-ɗai a wuya ya ƙetare da mu. Ka fi ni nauyi tun a lokacin.

Naka,
Rabilu ɗan Chindo

Illela, 24 ga Oktoba 1965

Zuwa ga Rabilu, sarkin allurar Bilma,

Bayan gaisuwa, mu nan duk lafiya. Salamatu ta yi zazzaɓi kwana uku, ta tashi. Tumbin da kake magana ya tafi, don wata biyu ke nan ban zauna na ci tuwo da ɗuminsa ba.

Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Kai da kake can cikin rairayi ba za ka gane abin da zaɓen nan ya yi mana ba. Sunan kowane baligi na ƙasar Illela da hannuna na kwafe shi, gari bayan gari, sau biyu, har yatsuna suka ƙage. Kartin zaɓe nawa na buga wa hatimi, Allah kaɗai ya sani. Amma alhamdu lillahi an yi lafiya ranar Alhamis, ba a fasa kan kowa ba. Ka ji sakamako a radiyo, kujeru hamsin na majalisa duk na jam'iyya ne, tun da ba wata. Depitenmu, ɗan majalisarmu, ya koma kujerarsa, jiya aka yi ta kiɗa a ƙofar gidansa. Radiyo ya ce kusan ɗari bisa ɗari, ni dai ban san inda aka samo waɗanda ba su jefa ba, ba a ɓangarenmu ba ne.

Garinku ya fitar da mu kunya. Zangon Maikano, mutum ɗari uku da goma sha huɗu a rubuce, ƙuri'a ɗari uku da goma sha huɗu a akwati. Ko ɗaya bai faɗi ba. Aka kira mai gari Iliyasu gaban jama'a aka yaba masa, ya tafi yana taku kamar shi ya haifi mutanen duka.

Maganar Kawu Chindo kuwa, ka kwantar da hankalinka. Ya jefa ƙuri'arsa. Listin lakwal ɗin Badaguishiri, inda garinku yake zaɓe, yana gabana yanzu haka. Lamba tamanin da bakwai, Chindo ɗan Wakili, manomi, ga dangwalen yatsa a gaban sunan, baƙi ƙirin, na gani da idona. Gero ya yi kyau bana a wajenku, ana ta yanka.

In ka tashi zuwa kada ka manta da dabino, ba irin busasshen nan da ake jifan awaki da shi ba.

Taubashinka,
Ishaku

Bilma, 14 ga Nuwamba 1965

Ishaku,

Gaisuwa da godiya. Ina lafiya, kuma tun da wasiƙarka ta zo shekaranjiya na fi lafiya. Allah ya ƙara wa Salamatu sauƙi.

Na karanta layin nan na lamba tamanin da bakwai ya fi sau goma. Na zauna na auna hanyar a kaina, daga ƙofar gidanmu a gangara fadama, a ratsa lambunan albasa, a ƙetare korama, sannan a hau tudun duwatsun nan kafin a ga rufin lakwal. Mai lafiya ma sai ya yi awa biyu. Mutumin da ruwa ya taru masa a ƙirji ba ya hawa tudun nan, ko da za a ba shi kujerar depite. Wannan aikina ne, na sani. In Baba ya taka har can ya tsaya layi, to kumburin ya saɓe.

Kuma na san shi. A zaɓen hamsin da takwas, shekarar da na bar gida, lokacin ana da jam'iyyu ana ta faɗa, wani ya zo ya ce ya ba shi kartinsa ya hutar da shi. Baba ya ce masa ƙafarsa ba aro ya yi ba. Tsohon nan ba ya ba kowa kartinsa.

Ba ka ce mini komai a kan ƙwaurin ba, ko batun barcin. Na san halinka, ƙila ka ji kunyar danna ƙafar kawunka. Ba komai, wannan ya ishe ni.

Na ba Mahaman wurina. Da na faɗa masa sai ya kama hannuna ya ƙi saki, babban mutum da gemu. Jibi zai hau kamiyo. Ni sai bayan ƙaramar salla in Allah ya kai mu. Ka aika wa Baba cewa na saya masa kantun gishiri biyu don shanunsa, da buhun dabino mai laushi. Naka yana ciki, na awakin.

Rabilu

Malbaza, 20 ga Disamba 1965

Daga A'ishatu zuwa ga wana Rabilu. Mai rubutu na bakin kasuwa ya rubuta yadda ta faɗa.

Yaya, ina gaishe ka. Ina lahiya, mai gidana shina lahiya, Inna tana nan da sauƙi sai dai ba ta cin abinci.

Yaya, sai haƙuri. Baba ya rasu ran Alhamis, kwana goma sha ɗaya ke nan, da hantsi. Anka yi mashi sutura bayan azahar, gabas da gari. Allah shi jiƙan shi.

Ni dai ban iya ɓoye abin da ke raina ba. Tun da gero yaf fara hidda kai Baba bai sake miƙewa da ƙahwahunai ba. Wata ukku ina gida ina jinya. A jingine shike kwana, mun tara mashi buhunan ƙaiƙayi a baya, in ya kwanta numfashi shina tsayawa. Da anka ce mashi bayan zaɓe za a sake ka, sai yas sa anka maido shimhiɗatai zaure, inda shika ganin hanya. In mota ta wuce bisa hanyar Tawa sai shi ce, "A'i, leƙa, ko likitan ne." Kullum sai na leƙa, ko na san ba kai ne ba. Daga baya ya daina sa ni, sai dai shi ɗaga kai.

Ishaku ya zo gaisuwa ran bakwai, bai daɗe ba. Shi yah hwaɗa mana wai an ba ka wuri cikin mota tun watan jiya, kai da kanka kab ba wani. Inna ta ce ƙarya ne. Ni nit tambaye shi sau biyu, yac ce da hannunka ka rubuto. Da ka hau motar nan da ka iske shi, da kun yi mako biyu tare. Mi munka yi maka, Yaya? Na aika maka ba shi jin daɗi, mi kaka so in ce? Baƙo ya hi ubanka?

Wai kuma Ishaku shina cewa ka ji Baba ya yi zaɓe. Wane zaɓe? Ana gobe za a yi, Mumuni ƙanen mai gari yab bi gida-gida da burgami shina amsar karti, yac ce kowa shi tahi yankan geronai, za a hutar da mu. Haka aka yi yanzu, duk gari ba wanda yat tahi sai mutum huɗu. Da yaz zo namu, Baba ya riƙe kartinai a hannu ya daɗe, sannan yac ce man, "Ba shi, A'i. Ƙahwar ta ƙi." Ranar nan bai ci komi ba.

Sau biyu ina aika ma Ishaku da direban motar kasuwa shi zo shi ga kawunai. Yac ce aiki ya yi yawa.

Gishirin da anka ce ka saya, ka bar shi can. An sai da shanun wajen magani.

Ƙanwarka,
A'ishatu

Bilma, 19 ga Janairu 1966

Ishaku,

Ina gaishe ka don an koya mini gaisuwa. Lafiyata ba ta dame ka ba, ba sai na faɗa ba.

Wasiƙar A'ishatu ta iso jiya, kwana arba'in cif da rasuwar Baba. Ana can ana sadakar arba'in, ni ina nan ina wanke wa wani miki, ban san ni maraya ba ne. Buronku yana da wayar tangaraho. Ko wannan ba ka iya ba.

Ban roƙe ka magani ba, ban roƙe ka ka ɗauke shi zuwa Tawa ba. Cewa na yi ka je ka gan shi. Na sake karanta wasiƙarka, yanzu da idon da ya kamata in karanta ta tun farko. Ka ce ka gani da idonka, kuma sai yanzu na lura takarda ka gani. Har ka ba ni labarin gero, don in ɗauka ka taka gonakinmu.

Ƙanwata tana ganin na zaɓi baƙo na bar ubana. Uwata tana kare ni da cewa ƙarya ne, alhali gaskiya ne. Ina jin haushinka, Ishaku, irin wanda ban taɓa jin na kowa ba, kuma ina jin haushin kaina da na yi murna.

Tambaya ɗaya ce, ka amsa ta ba da wasan taubashi ba. Lokacin da kake rubuta mini lamba tamanin da bakwai, ka san yadda aka yi zaɓen ko ba ka sani ba?

Rabilu

Illela, 6 ga Fabrairu 1966

Rabilu,

Ina gaishe ka, ina yi maka ta'aziyya, ko da yake ni ma ita ya kamata a yi mini. Allah ya jiƙan Kawu. Mu nan lafiya.

Na fara wasiƙar nan sau uku. Ta farko na cika ta da cewa ban yi maka ƙarya ba, abin da ke rubuce na faɗa. Ta biyu na cika ta da yawan aiki. Duka biyun gaskiya ne, kuma duka biyun na yaga su.

Na sani. Duk wanda ke buro ya san zaɓe ya faɗo tsakiyar girbi, ya san ba mai barin gero a gona tsuntsaye na ci ya je ya tsaya layi don abin da aka riga aka san ƙarshensa. Masu gari suna tara karti, su zo da mutum uku ko huɗu, a dangwala a tashi. Ba wanda ya umarce su, ba wanda ya hana su.

Na yi niyyar zuwa. Mako ya bi mako, ina cewa sai kasuwa mai zuwa. Da na ga ranar kamiyonka ta matso ba ni da abin faɗa maka, sai na buɗe listin, na ga sunansa da dangwale, na ce wa kaina ai Kawu ba ya ba kowa kartinsa, ƙila shi dai ya je. Na riƙe wannan ƙila ɗin da hannu biyu don ta fi mini sauƙi. A wasiƙa kuma na cire ta.

Bayan wasiƙarka ta zo na ɗauko listin na kai shi bakin taga. Dangwalen da ke gaban sunan Kawu yana da tsaga a tsakiya, tabon lauje. Na tamanin da shida ma haka, na tamanin da takwas ma haka, har zuwa ɗari da sittin. Yatsan Mumuni ne. Da na duba da kyau ran nan, minti ɗaya ya isa. Ban duba ba don ba na so in gani.

Wayar kuwa, na je gaban mai bugawa na tsaya, na rasa abin da zan ce a buga, na dawo.

Zan je in faɗa wa A'ishatu da Inna cewa laifina ne. Ban ce ka yafe mini yanzu ba.

Ishaku

Birnin Konni, 25 ga Oktoba 1970

Ishaku,

Gaisuwa bayan shekara biyar. Ina lafiya. An maido ni Konni tun bara, na yi aure, an sami ɗa namiji, ka san sunan da na sa masa. Wasiƙunka uku sun same ni, na karanta su. Na ji an ƙara maka girma, kai ne babban akawu yanzu. Mahaman yana gaishe ka duk da bai san ka ba, ƴarsa ta shiga shekara biyar, ita kaɗai ce abin da nake tunawa in ji sanyi a cikin maganar nan.

Ka ce za ka je wurin A'ishatu, ba ka je ba. Shekara biyu ba ta yi mini magana, sai da na zaunar da ita na karanta mata wasiƙarka ta Oktoba layi-layi. Da na kai wurin gero sai ta ce in tsaya haka.

Albishir na rubuto in yi maka, don kai ne mai son irin wannan labari. Ranar Alhamis da aka yi zaɓe na jefa tawa da safe a nan, na hau mota na je duba Inna. A Badaguishiri na biya ta lakwal. Ba kowa a layi, mutane suna gona. Malamin da ke tsaron tebur na taɓa yi wa ɗansa magani, ya bar ni na buɗe listin garinmu. Rubutun hannunka ne, na gane shi tun daga nesa, har yanzu kana yi wa harafin farko wutsiya. Lamba tamanin da bakwai, Chindo ɗan Wakili, manomi. Ga dangwale a gaba, tawadar ba ta gama bushewa ba, da tsagarsa a tsakiya.

Baba ya sake jefa ƙuri'a, Ishaku. Jiya radiyo ya ce kujeru hamsin duk na jam'iyya ne, kuma na ji an sake yaba wa mai gari Iliyasu, ko ɗaya bai faɗi ba a Zangon Maikano. Ka zo gaisuwar mutuwarsa, ka ci tuwon sadakarsa, sannan ka zauna ka kwafe sunansa da hannunka, sau biyu, yadda ka saba. Na tsaya gaban teburin nan ina so in yi dariya, abin da ya zo ba dariya ba ne, malamin ya kawo mini ruwa.

Ban ce ka goge sunan ba, na san za ka ce listi ba ya raguwa sai da izini. Roƙona bai sake ba tun na farko. Ka je ka gan shi. Yana gabas da gari, bayan rijiyar makiyaya, na uku daga gindin aduwa, A'ishatu ta jera masa jajayen duwatsu. Duk ranar da ka samu sarari za ka same shi. Ba ya zuwa ko'ina, ko ranar zaɓe.

Rabilu ɗan Chindo